Akushin da Yake Dawowa Fes

Abin da ya ɗaure wa Mairo kai a daminar nan shi ne, akushi yana dawowa fes kamar an wanke, amma mai akushin kullum ƙarewa yake yi. Malam Audu, mijinta, ba ƙaramin mutum ba ne a jiki. A da in ya ɗauko damin dawa daga gona ba ya saukewa sai a gindin rumbu. Yanzu ga shi wuyan riga ya yi masa yawa, kumatu sun zurma, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Ba tari, ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. In ta tambaye shi sai ya ce lafiyarsa lau, tsufa ne kawai. Tsufan me? Ai tare suke tsufan nan, ita ba ta ga ta zube haka ba. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san irin wannan rama ba ta barin mutum ya ga kaka.

Shekarar kuwa ita ce wadda aka ɗauke wa gari sunansa. Abujar da kowa ya buɗe ido ya sani, aka wayi gari wai ta koma Suleja, sunan kuma an kai shi can cikin daji, inda gwamnati ta ce za ta gina sabon birni. To, da suna kaɗai aka ɗauka da da sauƙi. Mutane aka kwashe. Ƙauyen Maje, inda a da ba ka jin komai da asuba sai zakara da turmi, ya koma tasha: manyan motoci suna tsayawa tun da duhu suna kwasar leburori, baƙi daga kudu suna bi gida-gida suna neman ɗakin haya, gonakin bakin hanya an fara jera musu bulo. Kowa gudu yake yi. Ka gai da mutum, kafin ka kai ga tambayar iyali ya sha kwana.

Zauren Malam Audu kuwa, a da, duk Maje an san shi da magariba. Da an idar da salla za a shimfiɗa babbar tabarma, a jawo akushi, hannuwa su taru. Akwai Abubakar, ɗansa na fari, da Ɗanjuma, ɗansa na biyu. Akwai Maiturare, amininsa tun na ƙuruciya, wanda ba ya ci sai ya kushe miyar tukuna, sannan ya fi kowa girman loma. Ga kuma duk wanda Allah ya kawo ta hanya, manomi ne ko mai shanu, ba a tambayar daga ina. A nan ake yanke ranar shuka, a nan ake sasanta rigimar iyakar gona, a nan ake yi wa mai neman aure tsiya har ya ƙware da tuwo. Haka Malam Audu ya tarar a gidan ubansa. Tsohon ya kan zauna da tuwo a gaba har ya huce yana jiran mai wucewa, don a wurinsu namijin da ke ci shi kaɗai, ko dai marowaci ne ko wanda jama'a ta guje shi. Malam Audu tun da aka yaye shi bai taɓa kai loma baki ba sai da wani hannu a cikin kwanon.

Mairo ta san wannan duka, amma sanin bayan katanga. A gidan nan mace ba ta shiga zaure in maza na ci, ba ta kuma ci a gaban mijinta. Ita nata shi ne ta tuƙa, ta kwashe, ta zuba miya, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta yi gyaran murya ta juya. In an gama a turo akushin inda ta ajiye shi. Da akushin nan suke magana ita da shi. In ya dawo an suɗe, to, an gode ke nan. In ya dawo da saura kaɗan, gishiri ya yi yawa ko tuwo ya yi gudaji. In kuwa ya dawo ba a taɓa ba, wannan fushi ne babba, kuma kafin gari ya waye maƙwabta sun ji cewa mijin wance ya ƙi tuwonta. A duk zamansu Malam Audu bai taɓa yi mata wannan ba.

Ta san yaran sun kama aiki, ai ba makauniya ba ce. Abubakar ya zama direban tifa a wani kamfani da ke yin hanyar sabon birni. Yana fita ana kiran asalatu, ya dawo gari ya yi tsit, wani lokaci ma a can yake kwana. Ɗanjuma ya koma Diko yana facin taya a mararraba, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Maiturare ma ya kwashi kwalabensa ya bi shi can, wai direbobi sun fi manoma son ƙamshi. Har Asabe, matar Abubakar, wadda a da suke zama tare a tsakar gida su ci suna hira, ta fara dafa shinkafa da wake tana kai wa leburori bakin titi. Kafin magariba ta yi laushi, sai ta ci abin da ya rage a tukunyar sana'a tana gyangyaɗi. Mairo ita ma a tsaye take cin nata yanzu, a bakin murhu, ba daɗi ba komai. Amma a zatonta zaure dai zaure ne, ba zai rasa mutane ba. Ba ga akushi yana dawowa fes ba?

Saboda haka ta bi ta inda kowace mace za ta bi. Ta jiƙa masa saiwoyi, ya sha. Ta karɓo rubutu wurin liman, ya sha. Ta ƙara man shanu a miya, ta ƙara daddawa, ta ƙara malmala a kan na kullum, duk da haka akushi ya dawo kamar yadda ya saba. Ta aika wa Abubakar ta bakin matarsa cewa jikin Baba fa ba daɗi. Yaron kirki, ba a ce ba. Washegari sai ga kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis, da burodi, da madarar gwangwani, da sukari. Shi ne ma bara ya cire musu jinka ya sa kwano a ɗakuna. Duk abin da ake samu a kanti yana kawowa. Malam Audu ya sa masa albarka, ya sha maganin, ya ci gaba da ramewa.

Asirin ya tonu ne ta inda ba ta zata ba. A ɗakunan baya akwai 'yan haya, Sylvester da matarsa Hilda, mutanen kudu, Kiristoci. Shi gadi yake yi a ma'ajiyar simintin kamfani a cikin gari. Mairo ta kasa sunansa, Silba take ce masa. Wata rana da hantsi tana tankaɗen kuka sai ga Hilda ta zo ta durƙusa da kwalbar manja a hannu, wai godiya ta kawo. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce ita dai Mama ta taimaka ta koya mata miyar nan mai yauƙi, don mijinta ya daina yaba girkinta. Kullum sai tuwon Mama, tuwon Mama, har ya yi ƙiba wando ya matse shi. Mairo ta yi dariya, ta ce ashe Silba yana zama a zaure, madalla da shi. Hilda ta ce a'a, ina ya ga lokacin zama, ai motar kamfani ba ta jira. Kwanonsa mai murfi yake bi da shi, Baba ya juye masa.

"Saura yake ba shi?" Mairo ta tambaya.

"Ba saura ba, Mama. Duka. Har abokan gadinsa suna ci su ƙoshi."

Mairo ta ajiye rariya. Ta ce wa Hilda ta dawo gobe za ta koya mata, ta karɓi manjan ta yi godiya, bakinta na magana amma kunnenta ba ya jin abin da take faɗa. Yinin nan kukar ba ta tankaɗu ba.

Da magariba ta kai akushi, ta yi gyaran murya, amma ba ta koma ba. Ta laɓe a bayan katanga, daidai inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa ya bar wata 'yar kafa. Abin kunya, mace da furfura tana leƙen mijinta, amma ranar kunya ba ta gabanta.

Ta ga ya jawo akushin ya sa a tsakiyar babbar tabarmar nan, shi kaɗai a gefe guda. Ya wanke hannu. Ya ɗaga faifai, tururi ya tashi. Sai ya zauna ya zuba wa ƙofar waje ido. Wani ya gifta a kan keke, Malam Audu ya ɗaga murya ya yi masa bismilla, mai keke ya ce alhamdu lillahi ko birki bai taɓa ba. Wasu samari suka wuce da laka har gwiwa, ya kira su da sunayen iyayensu, suka ce a ci lafiya Baba, suna sauri. Wani ma bai amsa ba, rediyo ne manne a kunnensa. Tururin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Sau ɗaya ya miƙa hannu ya gutsuro tuwo, ya murza, ya kai kusa da baki, ya tsaya, ya mayar. Daga nan sai ga Sylvester da tocila a hannu da kwano a hammata. Malam Audu ya matsa masa wuri a tabarma, ya ce yau dai ya zauna, ko loma biyu ne. Sylvester ya dubi agogo, ya ba da haƙuri, ya ce gobe. Bawan Allah, shi a tunaninsa tsoho ya riga ya ci nasa a cikin gida, wannan na kyauta ne. Aka juye masa, ya yi godiya ya ruga.

Abin da ya biyo baya shi ya karya zuciyar Mairo. Malam Audu ya ɗauki akushin, ya sa yatsa ya bi cikinsa a hankali, ya suɗe miyar da ta maƙale ya goge yatsan a ƙasa, yadda in ta gani za ta ce hannuwa ne suka yi aiki. Ya rufe da faifai, ya turo shi bakin ƙofa. Sannan ya ɓare goro ya jefa a baki. Ashe abin da yake rayuwa a kai ke nan: kokon safe, da 'yar furar da ya kan sha a gona, da goro. Ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ci shi kaɗai, ya kuma gwammace ya yi mata ƙarya da akushi da a ce ya ƙi tuwonta. Mairo ta koma bakin murhu ta zauna ta yi kuka mai isarta, ba sauti, mayafi a baki. Tausayi ya cika ta, da haushi. Haushin taurin kansa, haushin yaran, haushin kanta da ta yi wata da watanni tana ƙara malmala tana jin daɗi.

Tunkarar sa dai ba zai yiwu ba. In ta ce ta gani, ta tsiraita shi ke nan. Sai ta fara 'yan dabaru a ɓoye. Ta gwada kai tuwo da wuri, ko a dace da masu dawowa daga aiki, sai ta tarar su ma sauri suke su kai gida kafin ruwa. Ta gwada jinkirtawa, Sylvester ma ya kusa wucewa. Ta bi gidajen tsofaffin unguwa da sunan gaisuwa, tana shaƙar labari wurin matansu. Wannan an ɗauke shi gadi, wancan ya sayar da gonarsa ya koma Bagama wurin ɗansa, ɗaya kuma ƙafa ta ƙi, ko masallaci sai an kama shi. Ta dawo gida da ƙura a zuciya. Magani ɗaya ne ya rage, yaran su dawo tabarma.

Matsalar kuwa, Abubakar ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba, haka uban ma. Wancan suke ce masa, ko mai tifa. A tabarmar nan kaɗai uba da ɗa suke haɗuwa. Ba magana, ba kallon juna, amma hannuwansu a akushi ɗaya, in akwai nama uban ya tura tsokar gefensa kamar bai sani ba. Iyakar hirarsu ke nan a duniya, kuma ta ishe su. Malam Audu zai iya mutuwa a zaune kafin ya buɗe baki ya ce wa ɗan farinsa ya zo su ci tuwo, yana kewarsa. Mairo ta sake gwada Asabe. Asabe ta isar da saƙo tana hamma, sai ga wata kwalbar magani da ta fi ta farko girma. Kai, wannan zamani, komai ya sami mutum sai a ce kwalba.

Rannan ta tashi kafin kiran salla, ta tsaya a bakin randa inda ta san Abubakar zai zo ɗibar ruwan alwala. Da ta ji takunsa sai ta juya masa baya, ta fuskanci katanga, ta yi magana kamar da randar take yi.

"Mai gidan nan ba ciwo ne da shi ba. Ba ya iya cin tuwo shi kaɗai, kuma ba mai zama da shi. Wanda yake da uba, ya zo ya sa hannu a akushinsa tun yana da rai."

Abubakar ya durƙusa da buta a hannu, kansa a ƙasa. Bai iya tuna ranar da uwarsa ta taɓa yi masa doguwar magana haka ba. Ya ce, "To, Inna. Ran Lahadi ba aiki. Zan biya Diko in ɗauko Ɗanjuma, har da Baba Maiturare in ya yarda." Kuma wallahi da gaske yake, ba yaudara a ransa.

Ran Lahadi da safe, bayan Abubakar ya fita, ta kamo babban zakaranta ta kai wa Malam Audu ya yanka. Ya tambaya ko baƙi za a yi. Ta ce yaran ne suka ce yau a gida za su ci. Wuƙa kawai ya ci gaba da wasawa a kan dutse, ta yi kaifi bai daina ba. Amma ta ga abin da ya yi bayan nan. Ya je wurin wanzami aka yi masa aski, ya share zaure da kansa, ya fitar da tabarma ya kakkaɓe, ya sa rigarsa ta Juma'a wadda yanzu take lilo a jikinsa. Har wata 'yar waƙar noma ta ji yana yi ƙasa-ƙasa. Ita kuma ta zaɓo farar dawa daga ƙasan rumbu, ta surfa, ta tankaɗe garin ta sake tankaɗewa. Ta kira Hilda ta ce za ta zuba musu nasu a kwano daban, ta roƙe ta yau maigidanta ya fita ta ƙofar baya, don zaure na 'ya'yan gida ne. Asabe ma ta kife tukunyar sana'a ta zo ta kama mata tuƙi. Gidan ya ɗauki ƙamshin da ya daɗe bai yi ba, Mairo har dariya ta yi da muciya a hannu.

La'asar ta wuce ba su zo ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Aka yi magariba. Mairo ta kai akushi, babban nan na Salla, sai da Asabe ta kama mata. Ta yi gyaran murya, ta koma bayan katanga wurin kafar nan. Asabe ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin su iso, ba ta sake motsi ba.

Can sai ga ƙarar tifa, fitilunta suka haske zaure. Mairo ta yi hamdala a zuci. Amma sai ta ji ba a kashe injin ba. Abubakar ya shigo shi kaɗai, da kayan aiki a jiki, siminti har gira. Ya durƙusa a bakin ƙofa, takalmin roba a ƙafa bai cire ba, rabin jikinsa a waje. Ya yi bayani da sauri, idonsa a ƙasa. Ruwa ne ya ci gefen wata gada da ake ginawa, shugaban aiki ya aiko tun hantsi a tattaro duk direbobi, wanda bai zo ba ya ajiye makulli. Yanzu ma lodin tsakuwa ne a bayansa, ya karkato hanya ya biyo. Diko kuwa bai samu zuwa ba.

Malam Audu ya ce ba komai, aiki ai aiki ne. Ya ɗaga faifai, ya tura masa buta. Abubakar ya ɗauraye yatsu, ya miƙo hannu daga inda yake ya gutsuri tuwo, ya jefa a baki da zafinsa yana hura iska. Uban ya sa nasa hannun. Mairo ta ƙara matsawa jikin kafar. Ta ga ya tura cinyar zakara gefen ɗan ba tare da ya dube shi ba. Ta ga ya gutsuro, ya murza loma, ya danna mata babban yatsa, ya tsoma a miya, a natse, irin cin mutanen da, waɗanda ba sa gaggawa da abinci. Lomar tana hanya leburorin da ke kan mota suka fara dukan bodi suna kiran direba, wai ruwa zai sauko.

Abubakar ya miƙe. Ya ɗauki cinyar a hannu, ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Lahadi mai zuwa, in Allah ya yarda."

"Allah ya tsare hanya," in ji Malam Audu.

Tifa ta ja, haske ya bar zaure, sai 'yar fitilar ƙwai. Lomar tana nan a hannunsa, miya na bin yatsunsa tana ɗiga a kan rigar Juma'a. Ya daɗe a haka, sannan ya ajiye ta a bakin akushi. Ya juya ya zuba wa ƙofar waje ido, Mairo kuwa ta san wa yake jira yanzu: Sylvester da kwanonsa. Ita ce da bakinta ta sa aka bi da shi ta baya. Yau ba wanda za a juye wa. Ko dai ya ci shi kaɗai, ko ya turo mata akushin Salla a cike, ga Asabe a gida za ta tashi ta gani. Ta ga yana duban tuwon, yana duban ƙofar ciki, ya rasa inda zai sa kansa.

Ba ta san lokacin da ƙafarta ta ɗauke ta ba. Ta yi sallama ta shiga. Zauren nan ta sha ratsa shi da lulluɓi in za ta unguwa, amma ba ta taɓa zama a cikinsa ba. Ta durƙusa a ɗaya gefen tabarmar, ta jawo buta ta wanke hannu. Malam Audu ya ɗago ya dube ta, ya dubi hannun. Bai tambayi abin da ya kawo ta ba. A fuskarsa ta ga ya gane ta sani, ta kuma ga kunya ta rufe shi. Ita ma ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tun tana amarya ko gyaɗa ba ta taɓa taunawa a gabansa ba.

"Malam, yunwa nake ji," ta ce. "Ni ma na gaji da ci a tsaye."

Ta yi bismilla ta sa hannu. Lomar ta ƙi murzuwa. Shi kuma ya ɗauki tasa da ya ajiye, wadda ta riga ta yi sanyi. Ana haka sai ga takun ƙafa a waje, yana matsowa. Mairo ta zabura, ta janye hannu, ta ja mayafi za ta miƙe. In wani namiji ya shigo ya same ta da hannu a akushin maza, da wane ido za ta dube shi, shi kuma Malam da wane baki zai yi bayani?

"Zauna, Mairo," ya ce a hankali. "Wucewa zai yi."

Takun ya zo daidai ƙofa, ya wuce, ko sallama babu. Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka.

"Ci abinki," ya ce. "Ba mai shigowa."

Ya kai lomar baki. Tuwon da ba a taunawa ya yi ta juya shi, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da ƙyar ya haɗiye. Mairo ta sunkuyar da kai, tata lomar a baki, ta yi ta yi ta ƙi wucewa.